Mashaƙo da Rajistar Aji

Kowace safiya, kafin a buɗe littafin karatu, malamin aji yakan kira suna. Wanda ya amsa a yi masa alama, wanda bai amsa ba a zana masa sifili, a wuce na gaba. Mun saba da wannan aiki har mun ɗauke shi cika takarda kawai, abin da za a nuna wa jami'in duba makarantu idan ya zo. A wannan fitowa muna roƙon 'yan'uwa malamai su sake duban wannan littafi da wani ido, domin tun da mashaƙo ya dawo ƙasar nan, sifili uku a jere gaban sunan yaro na iya zama labarin farko da wata hukuma za ta samu cewa cuta ta shiga unguwa.

Ba mu manta da yadda abin ya faro ba. A 2022 aka fara ganin yara a asibitocin Kano da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, a farkon 2023 kuma hukumar NCDC ta sanar da ƙasa cewa annobar mashaƙo ce. Kafin shekarar ta ƙare an lissafa dubban waɗanda suka kamu, ɗaruruwa sun riga mu gidan gaskiya, Kano ce kan gaba, Yobe da Katsina da Borno da Bauci na biye. Ta tsallaka har yankin Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne mafi yawan waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato waɗanda ke zaune gabanmu daga ƙarfe takwas zuwa tashi, kuma akasarinsu ba su kammala allurar rigakafi ba. An ma yi mana gargaɗi tun da wuri. A 2011 cutar ta faɗa wa ƙauyen Kimba da kewayensa a ƙaramar hukumar Biu, ta kama mutum 98, ta kashe 21.

Hausawa na cewa, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Ciwon maƙogwaro kullum muke ganinsa a aji, musamman da hunturu, shi ya sa muka raina shi. Haka mashaƙo ke shigowa, a cikin rigar mura. Bayan kwana biyu zuwa biyar da ɗaukar ƙwayar cutar, yaro zai fara jin zafin haɗiya da kasala da ɗan zazzaɓi. Zazzaɓin ma sau da yawa ba mai tsanani ba ne, wanda hakan ke yaudarar iyaye, tun da a wurinmu zafin jiki ne ma'aunin ciwo. Cikin kwana biyu ko uku sai wata fata-fata mai launin toka ta shimfiɗu a can cikin maƙogwaro, gefe da gefe, wani lokaci har ta rufe belu. Tana manne sosai, idan aka kankare ta jini take yi. Murya ta dishe, wuya ya kumbura daga ƙarƙashin haɓa. A nan ne ake cewa hangum ne, a shafa wani abu a jira ya sace, alhali kumburin hangum daga gaban kunne yake tasowa kuma ba ya zuwa da wannan fata. Idan fatar ta sauka hanyar numfashi sai ta shaƙe yaron, daga nan cutar ta samo sunanta.

Sai dai shaƙewar rabin labarin ce. Ƙwayar da ke haddasa mashaƙo nau'in bakteriya ce, kuma yawanci ba ta barin maƙogwaro. Abin da ke yawo a jiki dafin da take fitarwa ne. Dafin yakan bi jini, ya kutsa cikin ƙwayoyin halittar jiki, ya tsayar da aikinsu na ƙera furotin, sai su mutu. Zuciya da jijiyoyi su ne suka fi shan wahalarsa. Wani abin mamaki cikin hikimar halitta shi ne ba kowace bakteriyar mashaƙo ke da dafi ba, sai wadda wata ƙwayar bairas da ta fi ta ƙanƙanta ta shige ta, ta ba ta tsarin yin dafin. Wato ita ma cutar sai da aka harbe ta kafin ta zama abin tsoro.

Wannan bayani na dafi shi ne dalilin da ya sa muke magana a kan kwanaki. Akwai makarin dafin, wanda ake samowa daga jinin doki, hanyar da likitan Jamus Emil von Behring ya buɗe, har ta sa aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901. Amma makarin yana kama dafin da ke yawo a jini ne kaɗai. Wanda ya riga ya shige naman zuciya ya shige, ba a janyo shi. Yaron da aka kai asibiti rana ta farko ko ta biyu, da wanda aka kai rana ta shida, ba ciwo ɗaya likita ke yaƙa a jikinsu ba. Ko da magani, cikin kowane mutum ɗari da suka kamu akan rasa biyar zuwa goma, adadin kuma ya fi haka ga ƙananan yara da waɗanda aka makara. Makarin kansa ba a kemis ake sayar da shi ba. Kamfanonin da ke yin sa a duniya kaɗan ne, kuma sai a cibiyoyin da hukuma ta ware ake samunsa.

To ina kwanakin nan ke tafiya? Mu da muke zaune cikin jama'a mun sani. Rana ta farko a ce mura ce. Ta biyu a je kemis a karɓo maganin zazzaɓi. Idan an yi ƙoƙari a yi gwajin maleriya, wanda cikin minti ashirin ya ba da sakamako, kuma a ƙasarmu ba wuya ya nuna akwai, domin yaro na iya ɗauke da cutar biyu a lokaci guda. Sai hankali ya kwanta a kan maleriya, ba wanda ya ce da yaron ya buɗe baki. Rana ta uku ko ta huɗu wata tsohuwa ta ce belu ne ya sauko, a kira wanzami. Muna girmama wanzamai da matsayinsu a al'adarmu, amma sanya ƙarfe a maƙogwaron da ke ɗauke da wannan fata haɗari ne ga yaron, haɗari ne ga wanzamin, haɗari ne ga yaro na gaba da za a kai masa. Duk tsawon kwanakin nan, mutum ɗaya ne a wajen gidan yake da rubutacciyar shaida cewa yaron ba ya nan, shi ne malamin ajinsa.

Mashaƙo ba shi da gwajin minti ashirin. Sai an shafo maƙogwaro da auduga, a kai ɗakin gwaji, a raini ƙwayar har ta tsiro, sannan a yi wani gwajin dabam domin a ga ko mai dafi ce. Aiki ne na kwanaki, wani lokaci ma sai samfurin ya kai babban ɗakin gwaji na ƙasa da ke Abuja. Saboda haka ƙa'idar likitoci ita ce a fara magani da zarar an yi zato mai ƙarfi, sakamako ya biyo baya. Idan likita da kansa a kan zato yake fara aiki, to malami ba ya buƙatar tabbas kafin ya ce wa uba, “Alhaji, don Allah a kai yarinyar nan asibiti yau, a ce su duba mata maƙogwaro.” Ba muna cewa malami ya koma likita ba. Kada ma wani ya tura cokali ko yatsa a bakin ɗan mutane. Ciwon maƙogwaro tare da kumburin wuya, ko dishewar murya, ko numfashi mai ƙara, ko majina mai haɗe da jini, sun isa dalilin aikawa gida da gaggawa da sanar da shugaban makaranta.

Sai mu zo kan yaɗuwa, inda tilas mu faɗa wa kanmu gaskiya. Cutar tana bin tari da atishawa da yawu, tana kuma bin kayan da mai ita ya yi amfani da su. Wanda ba a yi wa magani ba yana iya yaɗa ta har mako biyu zuwa huɗu, wanda ya fara shan maganin kashe ƙwayar kuwa yawanci bayan kwana biyu ya daina. Akwai kuma masu ɗauke da ita ba tare da wata alama ba, suna wasa suna dariya suna rabawa. Yanzu a auna wannan da ajin da yara ɗari ke zaune kafaɗa da kafaɗa a ƙasa, tagogi a rufe saboda ƙurar hunturu, moɗa ɗaya a bakin randa, alawa ɗaya tana zagaya baki uku. Cunkoson aji ba laifinmu ba ne, shekara da shekaru muna kuka a kansa. Amma akwai namu. Mu ne muke cewa duk wanda bai zo ranar jarrabawa ba ya faɗi, sai uwa ta ɗaura wa yaro mayafi a wuya ta turo shi. Mu ne muke tarar wanda ya yi fashin kwana uku da bulala kafin tambaya. Mu ne kuma, saboda tsoron a yanke mana albashi ko a rubuta mana takardar tuhuma, muke shiga aji da ciwon maƙogwaro muna ɗaga murya a kan yara.

Akwai wani abu da muke so kowane malami ya riƙe game da yaron da ya warke ya dawo. Illar dafin ga zuciya takan bayyana ne bayan mako ɗaya ko biyu, lokacin da maƙogwaro ya yi sauƙi kowa ya ce an tsallake. Ta jijiyoyi takan zo bayan haka: yaro ya riƙa magana ta hanci, ruwa ya riƙa dawo masa ta hanci idan ya sha, ko ƙafafu su yi rauni. Irin wannan yaro ba a sa shi gudu, ba a sa shi tsallen kwaɗo, ba a ba shi bokiti ya ɗebo ruwa, sai likita ya yarda. Idan ya ce ya gaji, a gaskata shi. Kwanciya da cutar kuma ba lallai ta ba shi kariya ba, shi ma sai an yi masa allura.

Allurar ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1920 aka samo ta, daga dafin da aka kashe wa ƙarfi. Tana cikin allurar Penta da ake yi wa jarirai a cinya a mako na 6 da na 10 da na 14, kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar ƙari uku bayan haka, a shekara ta biyu, da tsakanin shekara 4 zuwa 7, da tsakanin 9 zuwa 15, domin kariyar tana raguwa da tafiyar lokaci. A lura, ƙari biyu na ƙarshe sun faɗo daidai shekarun makaranta. Inda duk aka yi sake cutar takan dawo, ko da a ƙasar da ta ci gaba. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, a shekarun 1990, sama da mutum 150,000 ne suka kamu a can, da yawansu manya. Mu malamai da muka haura arba'in, wa ya san ranar da aka yi masa ta ƙarshe?

Mun san akwai iyaye masu ɗari-ɗari da allura, kuma ba za mu kira su jahilai ba. Wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara ana tsakiyar annobar sanƙarau, ya san tsoron yana da tushe, ya kuma san yadda ya taimaka wajen dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Amma da yawan yaran da ba a yi wa ba, ba ƙi iyayensu suka yi ba. An haife su a gida, asibiti da nisa, an je sau ɗaya aka ce allura ta ƙare, ko kullen korona na 2020 ya katse zuwan. Shi ya sa ba ma goyon bayan masu cewa a kori duk yaron da ba shi da katin rigakafi. Wanda aka kora gida ba a raba shi da cutar ba, an dai raba shi da wuri ɗaya tak da ma'aikatan lafiya za su iya samunsa a jere da 'yan'uwansa. A tambayi kati ranar ɗaukar sababbin ɗalibai, a rubuta wanda ba shi da shi, a miƙa sunayen ga asibitin unguwa, yaro kuma ya shiga aji.

Abin da reshen nan ke nema daga hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma bai fi ƙarfinta ba. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, amma shugabannin makarantu nawa ne ke da lambar wayarsa? A manna ta a ofishin kowane hedimasta, tare da lambar kyauta ta NCDC, 6232. A ba mu umarni a rubuce cewa yaron da ciwo ya hana jarrabawa za a sake yi masa, malamin da aka ce ya keɓe kansa kuma ba za a taɓa masa albashi ba. A shirya da sashen lafiya a riƙa kawo allurar ƙari cikin makarantu, bayan an zauna da ƙungiyar iyaye da malamai da limamai da masu unguwanni, kada iyaye su ji labari daga bakin yara bayan an gama. A sa malamai da masu gadi da masu sayar da abinci a bakin ƙofa cikin lissafin. Makarantun allo da na Islamiyya da ke maƙwabtaka da mu su ma a tuna da su, yaran ɗaya ne, safe suna wurinmu yamma suna can.

Namu ɓangaren ba ya jiran sa hannun kowa. Daga wannan zango, duk yaron da ya yi fashin kwana biyu a jere, malamin ajinsa ya aika a tambayo dalili, ya rubuta amsar a gefen rajista. Idan yara biyu ko uku daga aji ɗaya ko layi ɗaya suka kwanta da ciwon maƙogwaro cikin mako guda, a sanar da shugaban makaranta a ranar, shi kuma ya kira jami'in lafiya. Wakilan makarantu su zo taron reshe na gaba da adadin yaran kowane aji, da adadin tagogin da ke buɗuwa, da yadda ake shan ruwa, domin da waɗannan alƙaluma za mu shiga ofishin sakataren ilimi.