Sirrin Mutum Ba Hajar Sayarwa Ba Ne

Jama'a, ɗan kasuwar riɗi a Simsim ko Gadarif da ya yi rajistar sunan shafinsa na intanet, masu saye yake nema. Amma wa ke fara ƙwanƙwasa masa ƙofa? 'Yan damfara. Wannan ya ce wa'adin sunan ya ƙare, a biya yau. Wancan ya ce zai ɗora shi a saman Google.

Ina suka samo shi? A kundin WHOIS, wanda daga 1982 ya daɗe yana baje suna, lambar waya, imel da adireshin gida ga duk mai tambaya. Manhajoji na kwashe su dubu-dubu. Abin takaici, wasu kamfanonin rajista su ne ke tona asirin, sannan su nemi kuɗin rufe shi duk shekara.

Da dokar GDPR ta Tarayyar Turai ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, nan take ICANN ta amince a ɓoye bayanan. Ashe dama ana iyawa! Shin mutuncin Bature ya fi na Bahaushen Sudan ne?

Masu cewa hakan zai ɓoye ɓarayi, to, jami'in tsaro ya kawo takardar kotu a buɗe masa. Ɓarawo ai dama sunan ƙarya yake rubutawa. Mai gaskiya ake tsiraitawa.

Sunayen .sd da .ng ba dokar ICANN ke ɗaure su ba. Don haka masu kula da .sd da hukumar NiRA su tabbatar sirri kyauta ne, saƙo kuwa ya bi ta hannun kamfanin rajista.