Satar gida ta koma awon santimita

Ka shiga kowane gidan kallo daga Babban Dodo zuwa Ƙofar Doka daren wasan Firimiya, za ka tarar yanzu ba a tsallen murna nan take. Ƙwallo na cikin raga, amma kowa ya yi tsuru yana jiran VAR ta ja layinta. Dokar satar gida ta sha gyara. A 1925 aka rage 'yan bayan da ake ƙirgawa daga uku zuwa biyu, a 1990 aka ce wanda ya yi kafaɗa da kafaɗa da ɗan baya bai saci gida ba. Waɗannan gyare-gyare kowa ya gane su, har yaron da ke buga ƙwallon tsumma a lungun Kwarbai. Na yanzu fa? A Qatar, a 2022, sau uku aka soke ƙwallayen Ajantina kafin hutun rabin lokaci a wasanta da Saudiyya, ɗaya daga ciki saboda kafaɗar Lautaro Martinez ta ɗan leƙa gaba. Kafaɗa, jama'a! Ga kuma batun ɗan wasan da bai taɓa ƙwallo ba, amma aka ce ya tare wa gola gani, wanda alƙalai biyu ba sa yi masa hukunci iri ɗaya. Ni dai ina bayan shawarar Arsene Wenger, wato sai jikin ɗan gaba ya wuce ɗan baya ɗungurungum kafin a ɗaga tuta. Ko ba komai, mai tutar da ke gasar unguwa ba shi da kyamara, idonsa ne kawai, kuma 'yan kallo na tsaye a bayansa.