FILIN LAFIYAR MA'AIKACI: Hannun da ya ɗauki dutse da rani shi zai riƙe hauya da damina

An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne samarin Tama da na ƙauyukan Magiya suke fita neman aikin rani. Wasu suna shiga kamfanonin gyaran hanya, wasu na gina madatsar ruwa, wasu na haƙar rijiyoyin siminti.

Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Adar. A shekarar 1984 aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita, da taimakon ƙasar Italiya. Maza da mata suka yi ta ɗaukar duwatsu, suna cika ragar waya, suna tare kwararo. Waɗanda suka yi shi sun san dutse ba ya tausayin yatsa.

To, idan aka ji ciwo a wurin aiki, nauyin wa ne?

Dokar aiki ta Nijar, wadda aka sa wa hannu ran 25 ga Satumba 2012, ta ɗora babban nauyi a kan mai kamfani. Shi zai kare rai da lafiyar duk wanda ya ɗauka aiki. Shi zai ba da hular kwano, da safar hannu, da takalmi mai ƙarfi. Shi zai kawo ruwan sha mai tsabta da kayan ɗaurin rauni. Kuma dole a koya wa sabon ma'aikaci haɗarin aikin tun kafin ya fara. Kamfanin da ke da ma'aikata 10 ko fiye, sai ya kafa kwamitin kula da lafiya da tsaro.

Shugaban aiki ma yana da nasa nauyi. Kowace safiya ya duba igiya da tsani da bakin rami. Kada ya bar mutum ya tsaya bayan katafila, domin direba ba ya ganin abin da ke bayansa. Kada ya sa mutum cikin rijiya alhali injin ruwa yana aiki a ciki. Hayaƙin inji yana kashe mutum a ƙasan rijiya, ba ihu, ba motsi.

Sai shi ma'aikaci. Hular da aka ba shi ta kai ce, ba ta auna gero ba. Zafin rana ba dalili ba ne na tuɓe ta. In ya ga bangon rami ya tsage, ya faɗa nan take. Ɗanyen siminti yana cin fata, saboda haka kada ya dama shi da hannu ko ƙafa tsirara. In waya ko ƙusa ta soke shi, ya wanke da sabulu, ya tafi gidan likita a duba ko yana bukatar allurar tetanos.

Akwai abu guda da mutane da yawa suke mantawa. Ranar shiga aiki, mutum ya tabbata an rubuta sunansa, an kuma kai shi ofishin inshorar ma'aikata, wato CNSS. In haɗari ya auku, mai kamfani zai sanar cikin awa 48. Daga nan ne ake biyan kuɗin magani da diyya. Wanda ba a rubuta sunansa ba, zai sha wuya kafin ya sami haƙƙinsa. Wanda aka hana shi, ya kai kuka ofishin masu binciken aiki a Tawa.

Yanzu da ilimin manya ya shigo gari, mutum yana iya karanta sunansa da kansa a takardar biya. Wanda ya iya, ya karanta wa ɗan'uwansa.

Kuɗin aikin rani na wata uku ne ko huɗu. Gona kuwa tana jiran mai ita kowace shekara, kuma ba a huɗa da karyayyen hannu.