Tikitin Shekara da Cunkoson Sallah a Wuraren Shaƙatawar Kaduna

Da zarar an sauko daga Idi, an ci tuwon Sallah, an gaisa da 'yan uwa, sai titunan Unguwar Sarki su koma hannun yara. Daga kewayen Masallacin Sultan Bello zuwa Titin Ali Akilu, za a gan su rukuni-rukuni cikin sababbin ɗinkuna, kowa da goron Sallarsa a aljihu, suna tsayar da keke. Da yawansu sun nufi bakin kogi ne, wato lambun da aka sani da Ƙofar Gamji, wanda a hukumance yake ɗauke da sunan Janar Hassan Usman Katsina. Wasu kuma Dandalin Murtala ko ƙananan wuraren wasa masu zaman kansu. A waɗannan kwanaki uku ko huɗu, layin sayen tikiti yakan fi layin lilo tsawo, yaro kuma yakan shafe fiye da rabin yininsa a tsaye. Mako biyu bayan haka, wanda ya koma wurin ranar Talata da hantsi zai tarar da masu gadi da tsuntsaye.

Wannan giɓi tsakanin ranar cika da ranar fayau shi ne ainihin matsalar kasuwancin wuraren wasa a ko'ina cikin duniya, kuma shi ne ya haifi tikitin shekara: mutum ya biya kuɗi dunƙule sau ɗaya, ya riƙa shiga duk lokacin da ya ga dama. Tun da shagunan zamani da gidajen cin abinci masu kusurwar wasan yara suka fara jan iyalai a Kaduna, duk mai wurin shaƙatawa yana neman hanyar da zai riƙe abokin ciniki, kuma dabarar tikitin shekara tana da saurin shiga rai. Sai dai dabarar ta taso ne a wata al'umma mai nata tsarin hutu da nata tsarin kashe kuɗi, kuma ko a can ɗin ba ta zauna lafiya ba.

Lissafin da ke bayanta ba shi da wuya. Lilon da aka kafa, da ma'aikacin da ke tsaye kusa da shi, da wutar da ke juya shi, kuɗinsu ɗaya ne ko yara biyar suka hau ko hamsin. Saboda haka duk wanda ya shigo a ranar da ba kowa riba ne, ko da kyauta ya shiga, domin zai sayi ruwa da abinci, ya biya kuɗin ajiye mota. Wannan ya sa a Amurka wuraren wasa na yankuna sukan sayar da tikitin shekara a farashin da bai wuce na shiga biyu ko uku ba. Kuɗin kuma yana shiga asusun kamfani tun kafin a buɗe ƙofa, ko an yi ruwa ko an yi rana.

Illar ita ce mai tikitin shekara ba ya zaɓar ranar da kamfani yake so ya zo. Yana zuwa ne ranar da kowa yake zuwa. Disneyland, wanda aka buɗe a Kalifoniya a 1955, ya daɗe yana fama da wannan. A 2016 kamfanin Disney ya raba farashin tikitin yini zuwa matakai gwargwadon yawan masu buƙata, ta yadda ranakun hutu suka fi tsada. A Janairun 2021, lokacin da wurin yake rufe saboda annobar korona, ya soke tsohon tsarin tikitin shekara ɗungurungum, ya maye gurbinsa a watan Agusta da wani mai suna Magic Key, wanda sai mutum ya kama gurbi tukuna kafin ya je. Waɗanda suka sayi mafi tsada a cikin sababbin tikitocin, bisa alƙawarin cewa babu ranar da aka haramta musu, suka riƙa tarar da cewa guraben sun ƙare a ranakun da suka fi so, alhali ana ci gaba da sayar wa masu tikitin yini. Maganar ta kai kotu, kuma a 2023 kamfanin ya amince da sasanci na dala miliyan 9.5. Shi kuwa kamfanin Six Flags, wanda ya yi shekaru yana karya farashi don tara jama'a, ya juya akala a 2022, ya ƙara kuɗi da nufin rage cunkoso da jawo masu hannu da shuni. Cunkoson ya ragu, amma masu ziyara suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekara guda. A Yulin 2024 ya haɗe da abokin hamayyarsa Cedar Fair. Kamfanonin da ke da ƙwararrun masu lissafi da bayanan miliyoyin masu ziyara ke nan, amma har yanzu suna lalube tsakanin araha mai jawo turmutsitsi da tsada mai korar mutane.

A ƙasar Hausa matsalar ta fi haka tsanani, saboda dalilin da masu nazarin al'ada suka fi 'yan kasuwa sani. Nishaɗin Bahaushe na taron jama'a abu ne mai lokaci. Dambe da kokawa na gargajiya da kaka ake yin su, bayan an kai amfanin gona gida. Tashe na watan azumi ne. Hawa da yawon gari na Sallah ne. Ba banza ba 'yan jarida suka ɗauki kalmar kaka suka ba ta sabuwar ma'ana a cikin "kakar wasanni", domin a tunanin harshen, lokacin wasa shi ne lokacin da rumbu ya cika. A sauran kwanakin shekara kuwa, wasan yara na dandali ne da ƙofar gida, inda ba a biyan ko anini. Magidanci a Unguwar Sarki ko Badarawa ko Kawo bai saba da ware kuɗin kai yara lilo kowace Asabar ba; abin da ya sani shi ne kuɗin Sallah, kuma yawancinsa ma daga aljihun yaran yake fitowa. Kaduna tana da ɗan sauƙi a nan fiye da Kano ko Katsina, domin Kirsimeti da Ista da sabuwar shekara suna ƙara mata wasu kwanakin cika, amma duka-duka ba su kai wata guda ba.

Abin da ya faru a gidan namun daji na Audu Baƙo da ke Kano a watan Yunin 2019 ya nuna nauyin waɗannan kwanaki. An nemi naira miliyan 6.8 an rasa, aka yi ta yaɗa cewa goggon biri ne ya haɗiye su, har sai da gwamnan jihar na lokacin ya fito ya ce gidan ba shi ma da goggon biri. Duniya ta yi dariya ta wuce, amma ga mai lura, abin dubawa shi ne kuɗin nan cinikin ƙofa ne na kwanakin ƙaramar Sallah kawai. Wurin da yake samun irin wannan a 'yan kwanaki, sannan ya yi watanni yana ƙirga tsirarun baƙi, rayuwarsa gaba ɗaya tana rataye ne a kan Sallah.

To, a irin wannan kalanda, me tikitin shekara zai yi? Idan ya haɗa da kwanakin Sallah, mai wuri ya sayar da ranakunsa mafi daraja a farashi mai rahusa, kuma ya ƙara wa cunkoso mutanen da suke ganin sun riga sun biya, dole a buɗe musu. Idan kuma aka bi salon Amurka aka cire kwanakin biki, an sayar wa magidanci ranakun da ba ya buƙata, an hana shi waɗanda dominsu ya san wurin. Wanda aka ce masa tikitinsa yana aiki kullum sai ranar Sallah, zai ɗauka an yi masa wayo ne, kuma ba za a ce bai yi gaskiya ba.

Ga kuma batun biya dunƙule. Tattalin gidan talaka da na matsakaicin ma'aikaci a kan awo da cefanen yau da gobe yake tafiya: mai a ludayi, omo a ƙulli, katin waya na ɗari biyu. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun daga Yulin 2024, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin keke zuwa bakin kogi da dawowa ga iyali guda ya zama abin lissafi. Tikitin da aka tsara don uba da uwa da 'ya'ya biyu bai san gidan da ke da yara takwas, da 'ya'yan maƙwabta biyu da ba za a bari a baya ba. Sannan biyan kuɗin shekara tun farko amana ce: mai saye yana caca ne cewa injin da ya gani yana juyawa a Janairu zai ci gaba da juyawa a Agusta. A garin da aka sha ganin kayan wasa sun tsaya cik saboda rashin kayan gyara ko tsadar dizal, wannan amana ba ta samuwa da talla.

Ya kamata a yi wa masu wuraren adalci. Dizal da albashi da gyara ba sa jiran Sallah, kuma kayan lilo da dala ake shigo da su. Mai wurin da ya ƙara kuɗin ƙofa ranar biki yana iya cewa da wannan ƙarin ne yake ciyar da watannin da ba ciniki, kuma tsadar ita ce kaɗai birkin da yake da shi a kan taro. Hujja ce mai ƙarfi ga wanda ya sayi filinsa ya kafa kayansa da kuɗinsa. Amma tana raunana idan aka zo ga filin jama'a. Lambun Gamji tsohon lambun gwamnati ne. A cikinsa aka sake kafa gadar ƙafa ta Lugga, wadda aka gina a Zungeru a 1904 aka kuma ɗauko ta zuwa Kaduna daga baya. Dandalin Murtala shi ne tsohon filin sukuwa inda aka yi wa Sarauniya Elizabeth hawan daba a 1956, kuma da kuɗin jiha aka sake fasalinsa kafin a ƙaddamar da shi a Janairun 2022. Irin waɗannan wurare, ko da an damƙa wani sashe nasu ga ɗan kasuwa ya gudanar, ba su tashi daga zama dukiyar gari ba. Idan farashi ne zai tantance wanda zai shiga ranar Sallah, to an tace yaran Unguwar Shanu an bar na rukunin gidajen manya, a ranar da al'ada ta ware domin kowane yaro ya fita.

Barin ƙofa a buɗe ba iyaka kuma ba tausayi ba ne. A ranar 18 ga Disamban 2024 yara 35 suka rasu a turmutsitsi a wani bikin yara a Ibadan, inda alƙawarin kyauta ya tara jama'ar da wurin ba zai iya ɗauka ba. Wurin da yake bakin kogi, yake da wurin ninkaya, ga kuma ƙananan yara da yayyensu 'yan shekara goma sha biyu ke jagoranta, ba ya buƙatar taro mai yawan na Ibadan kafin abu ya ɓaci.

Abin da ya fi dacewa shi ne a raba tambayoyi biyu da tikitin shekara yake cakuɗawa. Cunkoson Sallah magana ce ta adadi, a magance ta da adadi: hukuma ta ƙayyade yawan mutanen da kowane wuri zai ɗauka a lokaci guda, a raba yini zuwa zango-zango, na hantsi da na bayan azahar da na bayan la'asar, a sayar da tikitin kowane zango tun kwanakin ƙarshe na azumi a cikin unguwanni, a farashin da aka sanar wanda ba zai canza a bakin ƙofa ba. Bahaushe ya san wannan tsari, domin hawan Sallah kansa a rarrabe yake, kowace rana da nata hawan da hanyarta. Gaskiya ne 'yan baranda za su yi ƙoƙarin saye su sayar da tsada, kuma iyali da yawa za su zo ba tare da sun ji sanarwa ba. Shekarar farko za a sha hayaniya. Amma ƙayyade adadin tikitin da mutum ɗaya zai saya, da ajiye wani kaso don masu zuwa ƙofa, ya fi sauƙi a kan shawo kan taron da ya riga ya shiga.

Fayau ɗin sauran kwanaki kuwa magana ce ta sabo, kuma a nan ne wani nau'in tikiti mai dogon zango zai yi amfani, in an ɗinka shi daidai jikin gari. Ya zama na gida, a ƙirga yawan shiga maimakon sunayen mutane, ta yadda kati ɗaya zai ɗauki duk yaran da aka tattaro. A biya shi kaɗan-kaɗan kamar zubin adashi, tsarin da matan kowace unguwa suka ƙware a kai. Makarantun boko da na Islamiyya su ne abokan cinikin da suka fi kowa iya cika ranakun Talata da Laraba, ko Alhamis da Juma'a ga makarantun allo, musamman in an haɗa ziyarar da gidan tarihi na ƙasa da ke Titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC, da kuma Gidan Arewa da ke Titin Rabah. Mai wurin da ya sami wannan ciniki na tsakiyar mako zai rage dogaro da kwana huɗu, kuma daga nan ne za a iya tambayarsa, da hujja, dalilin ninka kuɗin ƙofa ranar Idi.

Gasar da ke tsakanin wuraren wasa a Kaduna ba ta kai ta tilasta wannan gyara da kanta ba. Ranar Sallah kowane wuri cike yake, don haka babu wanda yake tsoron rasa abokin ciniki. Ranar da ba biki kuwa abokin hamayyar gaske shi ne wayar hannu da gidan kallon ƙwallo. Saboda haka sharuɗɗan adadi da farashin ranar biki a cikin yarjejeniyar bayar da hayar filin jama'a ya kamata su zauna, a rubuce, kuma a liƙa su a bakin ƙofa da Hausa da Turanci inda mai keke da yaran da ya ɗauko za su iya karantawa.