Wa Ya Naɗa Ofishin Jakadanci Waliyyin Aure?

Ya ku 'yan uwa matasa, duk wanda ya taɓa zama a wurin ɗaurin aure ya san abin da ake nema: waliyyi, sadaki, shaidu da siga. Da an cika waɗannan, an shafa fatiha, an raba goro, to magana ta ƙare, yarinya ta zama matar wane a wurin Allah da wurin mutane. Amma yau ga wani sabon waliyyi ya naɗa kansa, yana zaune bayan gilashi a ofishin jakadancin Amurka da ke Legas, bai san ango ba, bai san amarya ba, amma wai shi ne zai yanke hukuncin ko miji da mata za su kwana a ƙarƙashin rufi ɗaya. Hujjarsa kuwa guda ce tal: takarda.

Ga yadda abin yake. Ɗan uwa ya samu izinin zama a Amurka, ko ya zama ɗan ƙasa, ya zo gida ya yi aure, yana son ya ɗauki iyalinsa. Sai ya cike fom ɗin da ake kira I-130, daga nan a ce matar ta kawo fasfo, da takardar haihuwa, da takardar aure, da shaidar 'yan sanda, da sakamakon gwajin likita. To a nan ake yin ta. A takardar firamare an rubuta Hauwa'u, a fasfo Hauwa, a takardar aure Hawwa. Sunan mahaifinta a nan Muhammadu, a can Mohammed. A wata takardar sunan garinsu ne a ƙarshe, kamar yadda aka saba yi wa 'yan makaranta a Arewa, a wata kuma wani akawu ya liƙa mata sunan miji, alhali a Musulunci mace ba ta yar da sunan ubanta don ta yi aure. Ranar haihuwa kuwa hedimasta ne ya kintata, bayan ya sa ta ɗora hannu bisa kai ta taɓo kunne. Kowane Bahaushe ya san mace ɗaya ce. Amma na bayan gilashi mata uku yake gani, sai ya miƙo mata takardar da suke kira 221(g), ya ce a je ana bincike. Binciken da ba a faɗa maka ranar ƙarewarsa!

Akwai ma tarkon da ya fi wannan, wanda samarinmu da yawa ba su san da shi ba. Dokar shige da fice ta Amurka ba ta lissafa mace a matsayin mata idan an ɗaura auren alhali ita da mijin ba sa tare a wurin, sai fa in sun tare bayan haka. To mu a ina amarya take zuwa wurin ɗaurin aure? Wakilai ne ke nema su karɓa, waliyyi ya bayar, ita tana cikin gida. Saboda haka wanda ya aiko da sadaki daga Amurka, baffansa ya karɓa masa aure a Kano, aurensa ingantacce ne a shari'a, amma a wurinsu sai ya tako ya zo sun zauna tare, ya kuma kawo shaidar zuwan. Bayan wannan za a nemi hotuna da tarihin kiran waya, a tsare 'yar mutane mai kunya da tambayoyi a kan zamanta da mijinta, kai ka ce ɓarauniya aka kama.

Wani zai ce ai ƙasar 'yanci ce, sai a kai ƙara kotu. An kai, ɗan uwa. Fauzia Din 'yar ƙasar Amurka ce, an hana mijinta ɗan Afganistan biza, aka ambato mata sashen doka na ta'addanci ba tare da wani bayani ba. Ta je har Kotun Ƙoli, a 2015 alƙalai 5 cikin 9 suka kayar da ita. Sandra Muñoz ma 'yar ƙasa ce, kuma lauya, an hana mijinta ɗan El Salvador komawa saboda zanen da ke jikinsa, wai alamar 'yan daba ce. Ranar 21 ga Yuni, 2024, alƙalai 6 cikin 9 suka kayar da ita, kotun ta ce tsarin mulkinsu bai ba ɗan ƙasa haƙƙin a shigo masa da abokin aurensa ba. Idan haka aka yi wa lauyarsu, ina ga direban tasi da ya fito daga Funtuwa? Waɗannan fa su ne masu zagaya duniya suna yi mana lacca a kan haƙƙin mata!

Ba su tsaya nan ba. Ranar 31 ga Janairu, 2020, Shugaba Trump ya dakatar da ba 'yan Nijeriya bizar zama, har da ta matan aure, bisa hujjar cewa ƙasar ba ta cika sharuɗɗan tantance mutane da musayar bayanan tsaro ba. Biden ya soke wannan ranar 20 ga Janairu, 2021. Da Trump ya dawo, a Yunin 2025 ya rufe ƙofa ga ƙasashe 12, ciki har da Chadi da Sudan, ya ce matan 'yan ƙasa da 'ya'yansu za su iya shiga in an kawo gamsasshiyar shaida, irin gwajin jini na DNA. A Disamban 2025 kuma ya ƙara da Nijar, ya sake dakatar da bizar zama ga 'yan Nijeriya, ya janye wancan rangwamen. Wane laifi amaryar da ke zaune a ɗakin uwarta ta yi? Gwamnati ce ta kasa, amma ita aka hukunta. In ba zalunci ba mene ne sunan wannan?

Sai dai fa, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Su waye suka bar mu tsirara babu shaida? Tun 1992 aka yi doka mai lamba 69 wadda ta wajabta rajistar haihuwa, amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 ke da rajista. A 2001 aka ba kamfanin Sagem na Faransa kwangilar katin ɗan ƙasa ta dala miliyan 214, kafin ƙarshen 2003 sai ga tsofaffin ministoci a gaban kotu bisa zargin cin hanci. Sai a 2007 aka kafa hukumar NIMC, aka koma farko. Da aka yi mana kora a 2020, sai ga mahukunta jiki na rawa suna kafa kwamiti a ƙarƙashin ministan cikin gida, Rauf Aregbesola. Ashe za su iya motsi? Kukan talaka na shekara da shekaru bai tashe su ba, tsawa ɗaya daga Washinton ta tashe su.

Mu kanmu ma kada mu wanke hannu. Nawa ne a cikinmu suka je kotu suka rantse a kan shekarun ƙarya don neman aiki ko hidimar ƙasa? Nawa ne suka ba ɗan cuwa-cuwa kuɗi ya buga masu takardar aure a bayan kanti? Wallahi ramin ƙarya ƙurarre ne. A dokar Amurka, wanda aka kama ya yi ƙarya da gangan a kan muhimmin abu don samun biza an haramta masa shiga har abada, sai in an yi masa afuwa ta musamman, auren bogi kuma yana jawo ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai dala 250,000. Kafin dokarsu ma, rantsuwar ƙarya babban zunubi ce. Kowace takardar jabu da ɗayanmu ya miƙa, ita ce sandar da za a doki matar mai gaskiya da ita gobe.

Saboda haka gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ranar suna ka yanka rago, cikin makon nan ka je ka yanki takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya. Ka tsayar da rubutun suna guda, da ranar haihuwa guda, a lambar NIN da fasfo da takardun makaranta, naka da na iyalinka. In akwai saɓani, a gyara shi ta hanyar hukuma tun kafin a cike fom, a kuma faɗi duk sunayen da aka taɓa amfani da su. Ranar ɗaurin aure a rubuta takarda, waliyyi da shaidu su sa hannu, a yi mata rajista. Limamanmu su ajiye littafin aure a masallaci. Kai kuma mai shirin ɗaura aure ka tsallaka teku, ka gaya wa iyayen yarinya gaskiya cewa jiran yana iya kai shekaru, yana iya kuma ƙarewa babu biza. Idan ƙofar ta ƙi buɗuwa, ka tuna haƙƙin matarka yana wuyanka, kuma ranar hisabi kai za a tambaya, jami'in biza ba zai amsa maka ba. Kada ka bar 'yar mutane rataye, ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba, saboda dala.

Allah Ya haɗa kowane miji da iyalinsa cikin mutunci, Ya isar wa waɗanda aka raba.