LAMBUN GIDA: Baƙon reshe a tsakiyar bazara

 A wannan fitowa za mu tattauna kan itacen nan mai fure fari da rawaya a tsakiya, wanda ƙamshinsa ke cika gida bayan magariba. Da Faransanci ana kiransa faranjifaniye, masana tsirrai kuma suna ce masa fulumeriya, don tunawa da Charles Plumier, wani masanin tsirrai Bafaranshe da ya rasu a 1704. Asalinsa daga Meziko ne da tsakiyar nahiyar Amurka, amma dangin kariya da tumfafiya ne da muka sani a dajinmu.

Sau da yawa reshensa ake aiko wa iyali tsaraba daga garuruwan bakin teku, kamar Lome ko Abijan. Idan aka yi rashin dace ya iso a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Yamai, Maraɗi da Damagaram, sai uwargida ta ga sanda ba ganye ba saiwa, tausayi ya kama ta, ta riƙa kwara mata ruwa safe da yamma. Nan ake yin asara, garin neman gira a rasa ido. Reshen da bai yi saiwa ba ba shi da bakin shan ruwa. Guzurinsa yana cikin jikinsa, kuma zai iya riƙe shi makonni. Ruwan da aka zuba kuwa kwanciya yake a ƙasa mai zafi, ya ruɓar da gindin. Abin da baƙon nan yake bukata a bazara inuwa ce da haƙuri.

Da zarar ya iso, a fitar da shi daga leda, domin gumin tafiya shi ne farkon ruɓa. A cire manyan ganyen da suka rage, saboda ta nan ruwan jikinsa ke fita. Sannan a duba wurin yankan. In ya bushe ya yi tauri, madalla. In kuwa ɗanye ne, a jingine reshen a zaure ko a rumfa mai iska na mako ɗaya zuwa biyu. In an ga baƙi ko taushi, a sa wuƙa mai tsabta a yanke har a kai ga farin nama mai lafiya, a sake shanyawa a inuwa. A kula, farin ruwan da ke fita daga jikinsa yana sa ƙaiƙayi, yana kuma cutar da ido. A nisanta shi daga yara, a wanke hannu da sabulu.

Wajen dashe, tukunyar ƙasa da aka huda gindinta ta fi baƙar roba, wadda ke ɗaukar zafi har ta dafa saiwa. A haɗa yashi kashi biyu da ƙasar lambu kashi ɗaya, ban da ɗanyen taki. A soka reshen kamar tsawon ɗan yatsa, wato santimita 7 ko 8, a kafa masa sanda a ɗaure don kada iska ta girgiza shi, domin sabuwar saiwarsa saurin karyewa gare ta. A shayar da shi sau ɗaya da ruwan randa, ba ruwan da ya yini a rana ba, daga nan a ɗaga hannu.

A ajiye tukunyar a gabashin ɗaki ko ƙarƙashin dogon yaro, inda za ta samu ranar safe zuwa hantsi, ta tsira daga ta azahar da la'asar. Kada a ɗora ta kan siminti ko kusa da kwano, gara a aza ta kan bulo biyu, wanda kuma zai rage hanyar gara. In babu itace a gidan, zana ɗaya ta wadatar.

Bayan makonni biyu ko uku wataƙila fatar reshen ta ɗan yamushe. A matsa shi da yatsa. Muddin yana da tauri, lafiyarsa lau, ana iya yayyafa wa jikinsa ruwa da sassafe, a ɗan jiƙa gefen tukunya in ƙasar ta bushe ƙamas. Taushi daga ƙasa shi ne alamar ruɓa, sai a tumɓuke, a yanke, a sake farawa. Kada a riƙa ciro shi don leƙen saiwa. Ganye ne mai kawo albishir: cikin makonni huɗu zuwa takwas za a ga toho a kansa, kuma in ganye biyu ko uku suka buɗe sosai, saiwa ta kama. Sai a fara shayarwa duk lokacin da saman ƙasar ya bushe, ana matsar da tukunyar zuwa rana kaɗan-kaɗan. Dasawa a tsakar gida kuwa a bari sai damina ta zauna, a zaɓi tudu inda ruwa ba ya kwanciya.

Allah ya kai mu damina lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.