Wace Shari'a Ɗalibi Zai Zaɓa?

Ya 'yan'uwana ɗalibai, kadan malami ya ce ko wanenmu ya zaɓi shari'a guda ta Kotun Ƙoli ya yi rubutu a kanta, yawancinmu kan ruga ga wadda ta fi suna, ko kuwa wadda gwaninmu ya ci. A ganina duka biyu ba hanya ba ce. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Shari'ar da ta cancanci alƙalamin ɗalibi ita ce wadda tambayarta ke faɗuwa da numfashi guda, alƙalai kuma suka saɓa bisa amsarta.

Ga misali daga nan Nijeriya. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979, doka ta ce sai mutum ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya sami rubu'in ƙuri'u a ko wace jiha cikin sulusi biyu na jihohin ƙasa. Jihohi kuwa a sa'an nan 19 ne. Alhaji Shehu Shagari ya fi kowa, ya sami rubu'i a jiha 12, amma a Kano bai cika kashi 20 cikin 100 ba. Sai Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara, ya ce jiha ba ta gutsuruwa, sulusi biyu na 19 lalle a cika shi 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a'a, 12 ne da sulusi biyu. Watau a ɗebi sulusi biyu na ƙuri'un Kano a nemi rubu'insu, shi ne sudusin duka, Shagari kuwa ya haye wannan.

Ran 26 ga Satumba 1979 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci. Alƙalai bakwai suka zauna, Atanda Fatai-Williams ne babbansu. Shida suka kori ƙarar, Kayode Eso shi kaɗai ya tsaya bisa cewa a karɓe ta. Cikin shidan ma, Andrews Obaseki ya yarda 13 ne, amma ya ce giɓin bai isa ya rushe zaɓe ba.

To, ku dubi abin da ɗalibi ya samu a nan. Tambayar yaron elementare ma ya ji ta: nawa ne sulusi biyu na 19? Amma amsarta ta raba manyan masana gida uku, mulkin ƙasa kuma yana rataye da ita. Wanda ya ɗauki irin wannan ba shi da damar kwafe ra'ayin wani ya huta, tilas ya auna hujja da hujja, ya ce ga inda ya tsaya, ga dalili.

Watakila wani ya ce, ina amfanin ɓata tawada bisa maganar alƙalin da aka rinjaya? Sai mu leƙa Amurka mu gani. A 1896, cikin shari'ar Plessy, Kotun Ƙolinsu ta halatta raba farar fata da baƙar fata cikin jirgin ƙasa, alƙali John Marshall Harlan kaɗai ya ƙi. Bayan shekara 58, a 1954, kotun nan ta hana irin wannan rabo a makarantun gwamnati cikin shari'ar Brown, ba wanda ya saɓa. Ashe wanda aka rinjaya yau, ba lalle ne shi ya ɓata ba.

Amma fa da sharaɗi biyu. Na fari, a nemo hukuncin kansa a karanta, kada a dogara ga abin da jarida ko 'yan siyasa suka ce ya ƙunsa, gama gani ya kori ji. Na biyu, a kori son zuciya. Ɓangaren da ba ka so, shi za ka fara rubutawa, ka kyautata shi har kadan mai shi ya karanta ya ce, "I, haka na ke nufi." Sa'an nan ka kawo naka. Kadan ka ga ba ka iya wannan, bar shari'ar, nemi wata, don takardar da za ka miƙa wa malami ta zama kirari ke nan, ba bincike ba.

Iyakar shawarata ke nan. Wanda ya ga akasinta, ga fili.